Babi na Uku: An Ba Ni Batun Banki ta Intanet, Ta Ina Zan Fara?

"Malam ya ce kowa ya kawo rubutu a kan harkar banki ta intanet kafin ƙarshen zango. To ni ta ina zan fara?"

Kowace shekara sai an ji wannan tambaya a jami'o'i da kwalejojin ilimi da na kimiyya da fasaha, musamman daga bakin 'yan sashen tattalin arziki da akanta da harkokin kasuwanci da kimiyyar kwamfuta. Abin da ke ba ni tausayi shi ne mai tambayar galibi ya san batun fiye da yadda yake zato. Da safe ya tura wa mai shayi kuɗin biredi da ƙwai ta waya. Jiya ya tsaya gaban mai POS ana jiran alat ya shigo. Kuɗin da ake turo masa daga gida ma ta asusu suke zuwa. Amma da zarar ya zauna gaban farar takarda sai komai ya ɓace masa, ya ruga intanet ya kwaso ma'anar da wani ya rubuta a wata ƙasa, ya jera "amfani" guda biyar da "matsaloli" guda biyar, ya rufe da kira ga gwamnati ta wayar da kan jama'a. Malamin da zai duba ya riga ya karanta irin wannan takarda har ya gaji, kuma makin da zai bayar ba zai wuce na wanda ya cika shafi ba.

Wannan babi ba zai koya maka rubuta takardar duka ba. Aikinsa shi ne ya kai ka inda za ka riƙe tambaya ɗaya taka ta kanka, wadda za ka iya amsawa a cikin makonnin da suka rage maka.

Batu daban, tambaya daban

A ce ka shiga Kantin Kwari ka tsaya gaban wani shago ka ce, "Alhaji, yadi nake so." Ba zai ɗauko maka komai ba tukuna. Zai tambaye ka: shadda ko atamfa ko leshi? Na maza ko na mata? Yadi nawa? Nawa ne a hannunka? Sai ka amsa waɗannan ne ciniki zai fara. "Banki ta intanet" da Malam ya rubuta a allo kamar kalmar yadi ce a Kwari. Ya nuna maka kasuwar da za ka shiga, ya bar maka zaɓin abin da za ka fito da shi.

Da yawan ɗalibai suna tsoron rage batu. Suna ganin in sun ɗauki ɗan ƙaramin yanki ba za su sami abin cika shafi goma ba. Abin da ke faruwa akasin haka ne. Wanda ya ce zai yi magana a kan bankin intanet a Nijeriya baki ɗaya, shi ne yake ƙarewa a shafi na uku, domin ba shi da abin faɗi sai wanda kowa ya sani. Wanda kuwa ya tambayi abin da ya sa masu sayar da hatsi a layi ɗaya na kasuwar Dawanau suke karɓar taransifa daga wasu su ƙi karɓa daga wasu, shi ne zai rasa inda zai sa bayanan da ya tara.

Kafin komai, koma ka sake karanta abin da Malam ya ba ku, kalma bayan kalma. Shafi nawa yake so? Ya ce a fita a tattaro bayanai daga mutane, ko nazarin rubuce-rubuce kawai yake nufi? Wane kwas ne? Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai. Malamin kimiyyar kwamfuta zai so jin yadda ake kare lambar sirri da yadda saƙo ke ratsawa tsakanin bankuna. Malamin tattalin arziki zai so jin abin da cajin taransifa yake yi wa ƙaramin ɗan kasuwa. Malamin shari'a kuwa tambayarsa ita ce: in an kwashe wa mutum kuɗi, wa doka ta ɗora wa alhaki? Batu ɗaya ne, amma takarda uku ce.

Wace hanyar kake nufi?

A bakin mutane, duk kuɗin da ba a riƙe a hannu ba "taransifa" ne. A takardar bincike ba za ka tsaya nan ba, domin hanyoyin suna da yawa kuma masu amfani da su sun bambanta.

Akwai shiga shafin banki ta kwamfuta, wanda shi ne asalin abin da littattafan waje suke kira bankin intanet. A Amurka aka fara shi a tsakiyar shekarun 1990, inda wata ƙungiyar ajiya ta jami'ar Stanford ta buɗe wa mambobinta wannan hanya a 1994. A wurinmu kamfanoni da ma'aikatu ne suka fi amfani da ita. Akwai manhajar banki a babbar waya, wadda ke buƙatar data. Akwai kuma lambobin USSD, irin *737# na GTBank da *894# na First Bank da *919# na UBA, waɗanda ba ruwansu da data ko intanet: ta layin waya suke bi, kuma ƙaramar waya mai tocila ma tana yi. Sai katin ATM, sai na'urar POS. Sannan ga kamfanonin da ba su da dogon layi a reshe, irin su OPay da PalmPay da Moniepoint da Kuda, ga kuma na kamfanonin waya, wato MoMo na MTN da SmartCash na Airtel, waɗanda suka fara aiki a matsayin bankunan biyan kuɗi a 2022.

Ka ga inda matsalar take. In ka rubuta "bankin intanet" a kan takardarka, ka je ƙauye ka tambayi mutum hamsin, yawancinsu za su ce ba sa yi. Alhali kowane mako suna zuwa wurin mai POS a tura musu kuɗi ko a ciro musu. Za ka dawo ka rubuta cewa mutanen karkara ba su karɓi tsarin ba, kuma ka yi kuskure, domin sun karɓa ta hannun wakili. Saboda haka a shafin farko na takardarka ka faɗi ƙarara: a wannan aiki, ga hanyoyin da nake nufi, ga waɗanda na bari.

Yana da kyau kuma ka fahimci abin da ke faruwa a cikin 'yan daƙiƙun da kake kallon waya tana juyawa. In ka tura kuɗi daga bankinka zuwa wani banki, galibi saƙon yana bi ta wani kamfani mai suna NIBSS, mallakar Babban Bankin Nijeriya da sauran bankuna, wanda ya ƙaddamar da tsarin tura kuɗi nan take a 2011. Da ka sa lambar asusu mai lamba goma, bankinka zai tambayi ɗaya bankin sunan mai ita, shi ya sa kake ganin suna ya fito kafin ka danna. In ka amince, bankinka ya cire daga asusunka, saƙo ya wuce, ɗaya bankin ya zuba wa mai karɓa, su kuma bankunan su yi lissafin tsakaninsu daga baya. Idan saƙon ya yanke a tsakiya, shi ne abin da kowa ya sani: "An cire mini, shi kuma bai gani ba." Ɗalibin da ya gane wannan sarƙa zai daina rubuta "matsalar netwok" a dunƙule. Zai iya tambaya: a wace gaɓa ake yankewa, kuma wa ke ɗaukar asarar kafin kuɗi su dawo?

Tarihin da za ka buƙata

Ba sai ka fara daga zamanin wuri da cinikin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ba. Shafi biyu da ɗalibai ke ɓatawa a can ba sa ƙara musu komai. Shekarun da suka shafe ka kaɗan ne.

A farkon 2012 Babban Banki ya fara gwada manufar rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a 2013 kuma ya faɗaɗa ta zuwa Abuja da wasu jihohi, ciki har da Kano. A 2013 ɗin ne ya fitar da ƙa'idojin wakilan banki, waɗanda su ne tushen sana'ar masu POS da muke gani yau a kowace kusurwa. A watan Fabrairun 2014 aka ƙaddamar da BVN, lamba goma sha ɗaya da ke haɗa duk asusun mutum da hoton yatsunsa. A ranar 25 ga Oktoba, 2021 aka ƙaddamar da eNaira, wadda har yau ba kasafai za ka ji mai shago ya ambace ta ba, kuma wannan kansa abin bincike ne.

Sai babban abin da kowa ya ɗanɗana. A Oktoban 2022 gwamnan Babban Banki na lokacin, Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Aka sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin ranar daina karɓar tsofaffi, aka ƙara zuwa 10 ga Fabrairu, sababbin kuma ba su wadata ba. Mutane suka kwana a layin ATM, masu POS suka riƙa sayar da naira da naira, manhajojin bankuna da dama suka kasa ɗaukar nauyin da ya hau kansu. Sai ranar 3 ga Maris Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun. A waɗannan makonni ne mai nama da mai kayan miya da ɗan acaɓa da yawa suka buɗe asusu, suka rubuta lambarsa a jikin kwali suka rataye. Duk takardar da za ta yi magana a kan taransifa a Nijeriya ta tsallake 2023, ta tsallake tsakiyar labarin.

Akwai wani abu da ya shafi Arewa maso Yamma musamman, wanda ban cika ganin ɗalibai sun taɓa ba. A Satumban 2021 an katse layukan waya a jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, daga baya aka yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ba kira, ba USSD, ba POS. Yaya ɗan kasuwar Gusau ya biya wanda ya aiko masa kaya daga Kano a waɗannan makonni? Mutanen da suka yi wannan rayuwa suna nan, kuma ɗalibin da ya fito daga can ya fi kowa damar tambayarsu.

Ga ɗalibin Maraɗi ko Damagaram kuwa, kada ya ɗauki wannan tarihi ya ɗora a kan ƙasarsa. Babban bankin da ke kula da sefa shi ne BCEAO mai hedikwata a Dakar, kuma a Nijar kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Al Izza da Amana suna da gurbin da ba su da kwatankwacinsa a Nijeriya. Hanyar fara aikin ɗaya ce, amma kowa da tarihinsa.

Yadda ake matse batu har ya zama tambaya

Bari mu bi wata ɗaliba, a ce a Zariya take karatu, mu ga yadda za ta yi.

Ta fara da abin da aka ba ta: banki ta intanet. Tambayar farko, wace hanya? Ta zaɓi karɓar kuɗin ciniki ta taransifa. Ta biyu, su wa? Ta tuna da yayarta da maƙwabtanta masu sana'a a cikin gida: mai turaren wuta, mai dambun nama, mai ɗinkin hijabi, mai sayar da atamfa ta WhatsApp. Ta uku, a ina? Unguwarsu kawai, inda za ta iya shiga gida ta yi sallama a amsa mata da sunanta. Ta huɗu, yaushe? Daga ƙarancin kuɗi na 2023 zuwa yau.

Har yanzu wannan take ne, bai zama tambaya ba. Sai ta zauna ta tuna abin da ta sha gani. Ta sayi turare wurin wata maƙwabciya, da ta ce a ba ta lambar asusu sai matar ta ƙwala wa ɗanta kira, "Kai, zo ka ba Anti lambarka." Sunan da ya fito a waya na yaron ne. Wata kuma ta mijinta take bayarwa. Wata ta mai POS ɗin bakin layi, da yamma ta aiki yaro ya karɓo, an cire caji. Nan tambayar take: ta asusun wa matan da ke sana'a a gida suke karɓar kuɗin cinikinsu, kuma me hakan yake jawo musu? Shin rashin katin ɗan ƙasa ne ya hana su buɗe nasu, ko rashin waya, ko rashin karatun boko, ko kuwa ba su ga dalili ba? Wadda kuɗinta ke shiga asusun wani, tana sanin ribarta? Tana iya zubin adashi a kan lokaci?

Wannan tambaya ta yi kyau domin ɗalibar ba ta san amsar ba tukuna, kuma abin da take zato zai iya zama ba haka ba. Tana iya tarar da cewa matan sun fi son hakan, saboda wani dalilin da bai taɓa zo mata a rai ba. Ta yi kyau kuma domin kuɗin mota ba zai hana ta amsa ta ba. Ga wata fa'ida da ya kamata 'yan mata ɗalibai su lura da ita: namiji mai bincike, ko daga wace babbar cibiya ya zo, iyakarsa zaure. Ke kuwa har tsakar gida.

Namiji ma yana da nasa fagen. Babban Banki ya ba da umarni a 2020 cewa a warware cinikin POS da ya maƙale cikin awa 72. Ɗalibi zai iya zama da masu POS goma sha biyar a unguwarsu ya tambaye su: na ƙarshe da ya maƙale muku, kwana nawa ya yi kafin ya dawo, kuma wa ya yi haƙuri a tsakani, ku ko kwastoma? Ga doka a takarda, ga abin da ke faruwa a ƙarƙashin lema, tazarar da ke tsakaninsu ita ce takardarsa. Wani zai iya duba alat na bogi da dabarun da masu shaguna suka ƙirƙiro don kare kansu. Wani ya duba kasuwar dabbobi irin ta Maigatari, inda ake cinikin miliyoyi kuma mai saniya yake son ya ga kuɗinsa a hannu. Wani ya lissafa abin da ƙananan caji suke tarawa a wata: naira 10 ko 25 ko 50 na taransifa bisa jadawalin Babban Banki na 2020, da naira 6.98 na USSD da aka sa a 2021, da harajin naira 50 a kan kuɗin da suka kai 10,000. Ga mai albashi ba komai ba ne. Ga mai sayar da ƙosai wani abu ne.

Gargaɗi ɗaya a nan. Kada ka shiga da amsa a aljihu. Sau da yawa ɗalibi yakan rubuta tun a gabatarwa cewa mutanen Arewa suna gudun banki saboda riba, ko saboda jahilci. Maganar riba gaskiya ce ga wasu, shi ya sa bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank ya biyo baya a 2019. Amma ko ita ce dalilin mutumin da ke gabanka, sai ka tambaye shi. Wataƙila dalilinsa shi ne banki mafi kusa yana hedikwatar ƙaramar hukuma, ko an taɓa kwashe wa ƙaninsa kuɗi bayan an sace masa waya. Wanda ya ƙi abu bayan ya ga an cuci ɗan'uwansa, lissafi ya yi.

Inda alƙaluma suke

Ba a rasa alƙaluma a wannan fage, sai dai ɗalibai ba su san ƙofar ba. Babban Bankin Nijeriya yana sa sanarwoyinsa da ƙa'idojinsa a shafinsa, kyauta. NIBSS tana fitar da adadin taransifa da cinikin POS. Hukumar NDIC, mai inshorar kuɗin ajiya, tana da rahoton shekara-shekara, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya a bankin kasuwanci in banki ya rushe daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Ƙungiyar EFInA tana yin babban bincike a kan yadda 'yan Nijeriya ke hulɗa da kuɗi tun 2008, kuma na 2023 ya nuna kusan kashi 26 cikin 100 na manya ba sa amfani da kowace irin hanyar hada-hadar kuɗi, matsalar kuma ta fi tsanani a Arewa maso Yamma. Bankin Duniya yana da Global Findex, wanda na 2021 ya nuna kashi 45 cikin 100 na manya a Nijeriya ne ke da asusu. Wannan na ƙarshe zai ba ka damar kwatanta ƙasa da ƙasa, misali da Kenya, inda M-Pesa ta fara tun 2007.

Duk adadin da ka ɗauka, rubuta abu uku a gefensa nan take: wa ya fitar, wace shekara, me aka ƙirga. Adadin asusu daban, adadin mutane daban, domin mutum ɗaya yana iya riƙe asusu huɗu. Ka buɗe littafi guda na wannan aiki kaɗai. Ranar da za ka haɗa manazarta za ka gode wa kanka.

A cikin rubuce-rubucen masana za ka yi ta cin karo da ra'in Fred Davis na 1989, wanda ya ce mutum yana karɓar sabuwar fasaha ne in ya ga tana da amfani kuma tana da sauƙi. Ka san shi, domin Malam zai so ya ga ka san shi. Amma ka tuna a kan ma'aikatan ofis masu kwamfuta aka gina shi. Bai yi maganar garin da sabis ke ɗaukewa ba, bai yi maganar amana tsakanin mai kaya da mai saye ba. In abin da ka gani ya fi ƙarfin ra'in, faɗi haka. A nan ne takardar ɗalibi take fara zama tasa.

Game da shafukan da ke sayar da furojet da aka gama, da manhajojin da ke rubuta wa mutum komai, magana ɗaya zan yi. Ba su san unguwarku ba, kuma sukan kawo sunayen littattafan da babu su. Ranar da Malam ya ce, "Wannan adadin daga ina?" ba za su tsaya kusa da kai ba.

Fita ka gani

Kafin ka rubuta ko layi ɗaya na gabatarwa, ka ba da yamma guda ga kallo. Nemi mai POS da kuka saba, ka ce masa, "Yallaɓai, makaranta ce ta ba mu aiki, in ba damuwa zan ɗan zauna wurinka." Zauna a bencin ka yi shiru. Za ka ga dattijon da ya miƙa kati, ya kuma faɗi lambar sirrinsa da ƙarfi domin idonsa ba ya ganin madannai. Za ka ga yarinyar da aka aiko da lambar asusu a rubuce a bayan takardar magani. Za ka ga yadda mai POS yake ɗaga na'ura sama yana neman sabis, da littafin da yake rubuta cinikin da ya maƙale, da yadda fuskar kwastoma take sauyawa in takarda ta fito ba a biya ba alhali alat ɗin cirewa ya shigo masa. Gani ya kori ji. Abin da za ka rubuta a wannan yamma zai gyara tambayarka fiye da kwana uku a laburare.

Maganar kuɗi tana da nauyi, kuma mutane suna da dalilin tsoro. 'Yan damfara ma da "muna kira ne daga banki" suke farawa. Saboda haka kada ka taɓa tambayar mutum lambar sirri, ko BVN, ko abin da ke cikin asusunsa, ko ka ce ya nuna maka alat. Ba ka buƙatar su. Karɓo takarda daga sashenku. In kasuwa za ka shiga, fara da shugaban layi ko sarkin kasuwa, in unguwa ce, mai unguwa. Gaisa sosai kafin ka fito da biro. Ka bayyana cewa ba daga hukumar haraji kake ba, kuma ba za ka rubuta sunan kowa ba, sannan ka cika wannan alkawari. Kada ka je wa ɗan kasuwa lokacin da ciniki ya yi zafi. Kuma ka yi tambaya da harshen da mutum yake magana: "Baba, in an ce za a turo maka ta waya, kana yarda?" ta fi kowace jimlar da aka fassaro daga takardar tambayoyi ta Turanci.

Shafi ɗaya zuwa ofishin Malam

A ƙarshen makon farko, abin da ya kamata ya kasance a hannunka shafi ɗaya ne. A samansa tambayarka, cikin jimla ɗaya. Ko da Turanci ko Faransanci za ka rubuta takardar, fara faɗin tambayar da Hausa ga wani na gida wanda bai yi boko ba. In ya gane har ya fara ba ka amsa, ta nuna. In ya ce "me kake nufi?", koma ka sake matse ta. A ƙarƙashinta ka rubuta hanyar bankin da kake nufi, da mutanen da za ka tambaya da inda suke, da rubuce-rubuce uku ko huɗu da ka riga ka samo, da abin da kake zaton za ka tarar.

Kai wa Malam wannan shafi tun da wuri, tun ranar gini ranar zane. Ka ce, "Malam, ga abin da nake tunani, ko ya yi daidai da abin da kake so?" Zai iya cewa ya yi faɗi, ko ya kauce wa kwas ɗin, ko ya nuna maka wani aiki da aka yi a sashen wanda ba ka sani ba. Gyaran shafi ɗaya a mako na biyu aikin minti goma ne, na shafi goma sha biyar a daren miƙawa kuwa ba ya yiwuwa. Kuma kada ka damu da gabatarwa yanzu. Ita ake rubutawa a ƙarshe, bayan ka san abin da kake gabatarwa.

Da Malam ya sa hannu, aiki na gaba shi ne karatu: yadda za ka ɗauki maƙala mai shafi ashirin ka gane cikin ɗan lokaci ko tana da amfani gare ka, yadda za ka rubuta abin da wani ya ce da kalmominka ba tare da ka sace masa ba, da yadda za ka jera ra'ayoyin da suka saɓa wa juna har su zama bitar ayyukan da suka gabata. Wannan shi ne abin da babi na huɗu zai ɗauka.